Kwalekwalen da Ba a Janye Ba

Ranar Alhamis da safe aka tsinci wata takarda a kafe jikin bishiyar bakin kogi, da hatimin ofishin hasashen yanayi ɓaro-ɓaro. Wai damina za ta sauka da wuri, jibi Asabar kogi zai tumbatsa, kada kowa ya haye. Asabar ɗin kuwa ranar zaɓe ce, kuma rumfar zaɓen masuntan tsallake a wannan gaɓar take.

Masuntan 'yan tsiraru ne, yarensu daban, ba su fi gida ɗari ba. Shekara ashirin suna dangwala wa jam'iyya ɗaya, bana suka ce sun ƙoshi da alƙawarin gada, za su juya. In ba su haye ba, juyin ya tashi a banza.

Sufeton 'yan sandan da aka ba binciken takardar ɗan tsallake ne. Tun da ya sa kaki, danginsa gaisuwar baƙo suke masa. Ɗakinsa na bariki kofi ɗaya ne, kujera ɗaya, kuma kaɗaicin yana cinsa. Kawunsa mai fito da mutane a kwalekwale ne kaɗai ke ce masa "ɗana".

Ya fara da tsohon da ke riƙe da ofishin hasashe.

"Baba, hatiminka ne?"

"Nawa ne, amma maganar ba tawa ba ce. Namu hasashen cewa ya yi damina za ta makara mako uku. Ni da ko gobe ba na rantsewa a kanta, zan rantse a kan jibi?"

"Ina kake ajiye shi?"

"A jakata. Ba ma rabuwa sai Litinin, in na haye duba ma'aunin kogi. Ruwa nake shiga har gwiwa, to sai in bar ta a kwalekwale."

Sufeto ya rubuta, alƙalamin ya yi masa nauyi. Ya wuce wurin mai manna fastocin tsohuwar jam'iyyar, ya same shi da hannu a ɗaure.

"Yallaɓai, kwana goma ke nan da na faɗo daga tsani. Kuma ni da gam nake aiki. Wa zai ɓata ƙusa a kan takarda?"

Gaskiya ya faɗa. Sufeto ya koma bishiyar, ya zare ƙusa ɗaya, ya juya ta a tafinsa. Ta tagulla ce, irin wadda ruwa ba ya ci, wadda ya taso yana gani a jikin katakon kwalekwale.

Ya dubi tsallake. Masunta sun tsorata, kowa ya janye nasa can kan tudu ya kife. Kwalekwale ɗaya ne tak a cikin ruwa, a wannan gaɓar, ɗaure da 'yar siririyar igiya, kawunsa na zaune a ciki yana gyaran filafilin tuƙi.

"Ɗana, ka zo? Shigo mana."

Sufeto bai shiga ba.

"Kawu, kai da ko hadari ya yi gyatsa sai ka janye kwalekwale. Yau an ce ambaliya, ka bar shi a ruwa."

Kawun ya ci gaba da gyaran filafilinsa. Sufeto ya nuna masa ƙusar.

"Kowa ya yarda da takardar nan sai wanda ya san ƙarya ce. Ranar Litinin jakar tsohon nan tana gabanka. Ga kuma ƙusarka."

Kawun ya dubi ƙusar.

"Ni na kai su jam'iyyar nan da bakina," ya ce. "Yanzu in na zauna a majalisa sai a tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ce in ba su haye ba, ba za a ƙirga a ga ni kaɗai na rage ba. Kai ai ka san zama kai kaɗai."

Sufeto ya sani. Duk da haka ya ce, "Taso mu je, Kawu."

Ranar Asabar sama ta waye tas. Masunta suka yi ta hayowa, Sufeto na tsaye a bakin rumfa yana tsare layi. Kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai."

Har aka rufe akwati yana sauraro, babu wanda ya ce masa "ɗana".