Layin Da Adila Ta Ƙara

Ranar da Fatihu ya fara zuwa gyaran kwamfuta a ofishin ƙungiyar manoman shinkafa na Haɗeja, Adila ce ta miƙa masa ruwa. Ita ce mai tura wa manoma saƙon gargaɗi idan kogi ya cika. Kafin wata uku, ba ya kiranta da komai sai Zinariya.

Da ya nemi aurenta, mahaifinta Malam Bakari, shugaban ƙungiyar, ya ce sam. "Wanda bai da ko taƙin gona, da me zai ci da ke? Waya?"

Ana tsakiyar damina kwamfutar ta mutu, Fatihu kuwa yana Birniwa. Sai ga kira daga garin Baturiya: ruwa na tahowa, a gaya wa mutane su kwashe. Lambobi ɗari bakwai, ina za ta kira su ɗaya bayan ɗaya?

Da ma Fatihu ya bar mata filashi, ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai mai sake girka tsarin kwamfutar da kansa. Ta soka, aiki ya yi nisa, sai ya tsaya cak. Manhajojin tura saƙo guda biyu, tsohuwa da sabuwa, kowacce ta ce sai an cire ɗayar, kamar raguna biyu a turke ɗaya.

Ita ce ta ƙara sunan tsohuwar a ɓoye cikin jerin manhajojin da filashin zai girka, don ita ta saba da ita. Ga Baba tsaye a kanta yana huci. "Ga aikin gwanin naki nan!"

Da ta yi shiru, laifin ya hau kan Fatihu har abada.

"Baba, ni na taɓa," ta faɗa. Ta rubuta wa Fatihu a waya: "Masoyi, na yi ɓarna. Na ƙara tsohuwar. Tsoro nake ji."

Ya amsa: "Kwantar da hankalinki, Zinariyata. Goge layin da kika ƙara, ki sake daga farko. Ina tare da ke."

Minti arba'in ta yi tana kallon allon, tana ta salati. Da aikin ya kammala ta tura saƙon, can wayar Baba ta yi ƙara a aljihunsa, saƙon gargaɗin ne ya shigo.

Ruwa ya ci gonaki da yawa, har da ta Baba, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Bayan ruwa ya janye aka ɗaura aure. Malam Bakari ya kama hannun Fatihu ya ce, "To, yau ni ma ba ni da gona. Allah Ya yi muku albarka."