Gammo a Idon Tsinkau

Hantsi bai gama ɗagawa ba Tsinkau, na'urar tsinkar tuffa, ta kammala layi na tara. Tafe take a kan ƙafafu shida kamar gizo-gizo, hannayenta goma sha biyu suna kutsawa cikin rassa suna fitowa, kowanne da jar tuffa a tafinsa na roba. Ba ta fizga. Murɗawa take kaɗan, ta ajiye a kwandon bayanta, ko ƙwarzane babu. Idanunta shida ne. Biyar na duba launi da girma, na shidan kuwa, wanda ke can ƙololuwar kanta, ɗumin ɗan itace yake hangowa ta bayan ganye. Wannan idon shi ya cinye wa Injiniya Barira shekara bakwai, kuma saboda shi babu tuffar da ke iya ɓuya.

Kakar shekarar 2091 ce a Tudun Raɓa, garin da aka gina hawa-hawa a kan tsauni, inda motocin igiya ke sauka da akwatunan tuffa zuwa tashar jirgin ƙasa. Kwamitin manoma ya gindaya wa Barira sharaɗi ɗaya. Na'urarta za ta tsinke gona uku, bayan kowacce a saki ɗan jirgi maras matuƙi ya duba. In bai ga ko ƙwaya ɗaya a reshe ba, za a ba ta shaidar Babu Saura, a kai Tsinkau kowace gona a tsaunin. Gona biyu sun wuce lafiya lau. Yau Alhamis ana kan ta ƙarshe, ta Sarkin Noma Iliya, kuma Barira sai murmushi take ita kaɗai, har haƙoranta suna shan sanyi.

Tana cikin haka ta hango mata kusan ashirin sun doso ƙofar gonar, kowacce da kwando a ka. Ta gabansu ƙanwar mahaifinta ce, Gwaggo Tasalla, wadda ta raine ta tun tana goye. Daga yadda kwandunan ke rawa a kawunansu ka san babu komai a ciki.

"Barira, zo nan," in ji Gwaggo. "Wa ya share gonar Malam Audi da ta Hajiya Kubura?"

"Tsinkau ce, Gwaggo. Ko ɗaya ba ta bari ba."

"Mun gani ai. Tun da gari ya waye muke ɗaga ganye. Har tsuntsaye sun yi zuciya sun tafi."

Sai a lokacin Barira ta tuna yau ranar kala ce. A Tudun Raɓa, in mai gona ya gama tsinka, buɗe ƙofa yake, duk abin da ido ya tsallake na wanda ya samu ne. Da shi mata ke yin kauɗar tuffa ta shekara, su yi kwaɗo, su dama kunu a dandali da la'asar, kowa ya zo ya ci. A gaskiya ba mantawa Barira ta yi ba. A shekara bakwai ɗin nan ko sau ɗaya abin bai faɗo mata a rai ba, kuma wannan ya fi ba ta kunya.

"Gwaggo, abin mai sauƙi ne," ta ce da sauri. Ta dubi Sarkin Noma, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "A ba su mana, bana Allah ya sa albarka." Ta taɓa allon hannunta. Tsinkau ta tako a hankali ta dire akwati uku a gaban matan, tuffa jere reras, kowacce tana sheƙi.

Babu wadda ta miƙa hannu.

"Bara aka ce miki mun zo?" Gwaggo ta tambaya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kala ba a miƙa shi, 'yar nan. Mai gona ya kau da kai, ke kuma ki sa idonki ki nema. Abin da kika samu naki ne, ba ki da wanda za ki durƙusa wa sai Allah."

"To zan ce mata ta riƙa tsallake ɗaya cikin ashirin."

"Ta gani ta bar mana ke nan. Meye bambancinsa da akwatin?"

Gwaggo ta zagaya na'urar tana ƙare mata kallo, irin kallon da take wa akuya a kasuwa.

"Wanne ne idon da ke leƙa bayan ganye?"

"Na saman nan."

"Ce mata ta durƙusa."

Barira ba ta taɓa iya yi wa Gwaggo musu ba, digiri uku bai canja wannan ba. Tsinkau ta lanƙwashe ƙafafunta. Gwaggo ta sauke kwando, ta warware gammonta, wani tsohon yankin atamfa da ya koɗe, ta naɗe idon na shida ta ƙulle. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce yanzu kam ta yi kama da mai ciwon kai.

Barira ba ta yi dariya ba. Tsoro ne ya kama ta, har da haushi.

"Gwaggo, da azahar jirgin kwamiti zai zo. In ya ga saura, shaidar ta tafi. Shekara bakwai fa."

"Na sani, ni na riƙa kai miki tuwo ɗakin gwajin." Gwaggo ta karkaɗe hannu. "Amma bari in gaya miki. Shekarar da aka kawo min ke, babu ko tsaba a ɗakina. Da kunun kauɗa na yaye ki, kauɗar da na kalato a gonar nan. Da masu tsinkar lokacin suna da ido irin na wannan abar, da ba ki yi girman da za ki ƙera ta ba."

Barira ta taka zuwa gaban na'urar ta ɗora hannu a kan ƙullin. Sako-sako ne, hannun tsufa, ja ɗaya zai kwance. Ta daɗe a tsaye, Sarkin Noma yana ta gyaran murya. Sai ta kama bakin ƙyallen biyu ta tamke shi tamau, ta ƙara ƙulli na biyu.

Tsinkau ta miƙe ta ci gaba da aiki da ido biyar, kuma ba laifi, ta yi aikin ƙwararren mutum. Da azahar jirgin ya zo ya yi shawagi, ya ga saura birjik, ya koma ya kai rahoto. Ko ɓacewa bai yi ba matan suka bazu cikin gonar. Sai ka ji wata ta ƙwala kira daga can, ta samu biyar a reshe ɗaya. Barira ma ta tuɓe takalmi ta hau bishiya, ta laluba bayan wani curin ganye, yatsunta suka ci karo da wata ƙaramar tuffa mai tabo a gefe. Daɗin da ta ji ya ba ta mamaki.

Da la'asar dandali ya cika da hayaƙi. Aka yayyanka masu tsamin aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa. Masu taushin aka dafa aka tace, aka dama kunun gyaɗa da ruwansu a madadin tsamiya. Sauran aka fere aka shanya a tabarmi. Sarkin Noma, wanda ya zo da niyyar jajanta wa Barira, sai da ya ci kwano biyu kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

Shaidar Babu Saura dai ba ta samu ba. Masu manyan gonakin gabashin garin suka ce ba sa son na'ura mai ɗaurin kai, suka fasa. Ƙananan gonaki goma sha ɗaya ne suka karɓi Tsinkau, bisa sharaɗin a cire idon na shida gaba ɗaya.

Barira da kanta ta kwance shi. Ta rasa inda za ta kai, sai Gwaggo ta ce a ba ta, a haɗo da gammonta. Yanzu idon yana rataye a ƙusa a ɗakin Gwaggo, kusa da maficinta. Tana da wata kaza mai ɓoye ƙwai a cikin ciyawa, kuma duk safiya da aikin shekara bakwai ɗin nan take nemo su.