Diddigen Takalmin Yaya

A wata ƙasa mai nisa, inda teku kan daskare har a taka shi da ƙafa, an yi wata yarinya mai saurin hannu. A can mata ke ɗinka wa maharba takalman fata, kuma allura rabin kaurin fatar take shiga ta fito. Ba a hudawa, don kada ruwa ya sami hanya.

Ran nan uwarta ta miƙo mata takalmin yayanta, ta ce, "Rabi-rabi, kada ki huda."

Ta ce, "Na ji, Inna."

Sai ga ƙawayenta a bakin ƙofa: "Ke tsohuwa, fito wasa mana! Ko sai kin yi furfura?"

Diddige kaɗai ya rage, amma rabi-rabi akwai cin lokaci. Ta huda ta ja, ta huda ta ja, ta shafe wurin da kitse, ta fice.

Da safe yayan ya sa takalmi, ya ce, "Ƙanwata ta fi ta kowa!" Ya tafi farauta. Can ƙanƙara ta fashe, ƙafarsa ta burma cikin ruwa, ruwa ya bi hujin allura. Sanyin can kuwa bai san uzuri ba. Kafin karnukan da ke jan kekensa na kan ƙanƙara su jawo shi gida, yatsun ƙafar sun mutu.

Bai ƙara farauta ba. Kullum cewa yake, "Laifina ne, ban duba gabana ba."

Da ma ya zage ta, da ta sami sauƙi. Har ya bar duniya bai zage ta ba.