Mai Hannu Takwas a Kan Baƙin Dutse

A wani zamani, can ƙasan teku, akwai wata 'yar halitta mai hannu takwas. Ta iya sauya launin jikinta, amma in ta tsorata sai ta yi fari fat.

Wata rana tana kan baƙin dutse da kakarta, sai ga ƙaton kifi yana farauta. Ta fara yin fari.

Ta ce, "Kaka, zai gan ni."

Kakar ta ce, "Daina kallon kifin, 'yar nan. Dubi dutsen."

Kifi na matsowa, tana duban dutse. Kifi na matsowa, tana duban dutse, har ta yi baƙi ƙirin.

Da kifin ya wuce, kakar ta waiwaya ta ce, "'Yar nan, ina kike?"