Jar Tuta a Bakin Gada

Jirgin ƙasan yana fitowa daga ramin dutse Ponnusami ya hango jar tuta a tsakiyar layi.

Shekara ashirin da huɗu yana tsaye a barandar taragon gaba, hannu a kan birki. A hanyar Kunur kan jirgi daga baya yake turo taragu, direba ba ya ganin gabansa, sai abin da mai birkin gaba ya nuna masa. Ya ɗaga tasa tutar. Direba ya busa. Masu birki huɗu suka murɗa ƙafafun ƙarfen birkinsu, tsohon jirgin ya tsaya yana huci a kan gangare, taku goma kafin gada.

Sai a lokacin ya lura mai tutar ya rufe fuska da tawul. Ya dubi tutar da kyau. Akwai faci a gefenta, ɗinkin baƙin zare. Matarsa ce ta yi shi. Tun shekara biyu da suka wuce tutar nan ta ɓace masa a gida.

"Ilango," ya ce a hankali.

Ɗansa ne. Shekara biyu ke nan da ya sauka Kovai neman aiki, ya daina ɗaga waya.

Mutum uku suka diro daga cikin itatuwa.

"Kowa ya zauna! Wanda ya motsa ya mutu!"

Shugabansu Kaliyan ne a gaba, gajere mai ƙaramar bindiga. Kwana biyar da suka wuce, a wata rumfar shayi a Kovai, ya dafa kafaɗar Ilango yana dariya. "Kai ɗan gidan jirgi ne, ka san inda waya ba ta kamawa. Tsayar mana da shi kawai. Wayoyi da jakunkuna, mu ware. Ba mai ko ƙwarzane."

"Minti goma, Anna," Ilango ya ce masa, kamar yadda suke kiran yaya a yarensu. "In jirgi bai iso tashar gaba a kan lokaci ba, za su turo mutane."

"Goma ta yi yawa ma!"

Yanzu ga shi an yi sha biyar. Sun ɗaure direba da mai zuba kwal, sun ɗaure masu birkin baya uku, suna bin taragu da buhu. 'Yan yawon buɗe ido da ɗazu suke leƙe ta taga suna ɗaukar hoton gonakin shayi duk sun dunƙule. Ƙosan vadai ya watse a ƙasa, yara suna kuka.

A taragon gaba akwai amarya, Malar, da angonta, za su garin Uti shan iska. Kaliyan ya ga zaren aure a wuyanta da ɗan zinarensa. Ya fizge.

Ta ƙwalla ƙara. Matan taragon suka dafe ƙirji, don mace ba ta rabuwa da wannan zare sai mijinta ya mutu.

"Anna, ba mu yi haka da kai ba!" Ilango ya ce daga bakin ƙofa.

"Dalla rufe mana baki, ɗan mai tuta!"

A tashar ƙasa, shugaban tasha ya dubi agogo sau uku, ya kira ta sama. Jirgi bai iso ba. Sufeto Tangavel yana shan shayi a wajen. Ya ajiye kofin, ya kwashi 'yan sanda huɗu, suka hau keken layi mai inji. "Taka shi!" ya ce da mai tuƙi.

Ɗaya daga cikin yaran Kaliyan ne ya fara jin ƙarar.

"Oga, 'yan sanda! Ta ƙasa suke tahowa!"

Kaliyan ya dubi gangaren, ya dubi jirgin. Ya yi murmushi.

"Ku saki birki. Duka! Har na kan jirgin. Ya gangara ya gaishe su."

Suka ruga. Ɗaya bayan ɗaya ƙarafa suka saki. Jirgin ya girgiza, ya ja baya taku ɗaya, ya tsaya yana ƙara. Saura birki guda.

Kaliyan ya hau baranda, ya ɗora bindiga a kunnen Ponnusami.

"Tsoho, ɗauke hannunka."

"Mutum ɗari da arba'in ne a ciki, ɗan iska."

"Na ce ɗauke!"

"Ba na ɗauke hannu sai direba ya busa. Je ka kwance shi ya busa."

Kaliyan ya ɗaga gindin bindiga ya maka wa maƙallin birkin. Sau ɗaya, sau biyu, ƙarfen ya ɓalle! Ƙafar birkin ta fizgi Ponnusami, ya rungume ta da ƙirji, ya kafa ƙafa a jikin baranda. Yanzu ba abin da ke riƙe da ita sai shi.

Ya juya ya dubi mai tawul ido cikin ido.

"Kai kuma ka tsaya kana kallo? Da tutata! Tutar da na ciyar da kai da ita! Cire tsumman nan, mara kunya, uwarka ma daga nesa za ta gane ka!"

"Appa—"

"Kada ka kira ni!"

Kaliyan ya ƙyalƙyale da dariya. "Au, ubanka ne? To yi masa ban kwana."

Ilango ya yi tsalle ya cafki Kaliyan. Suka faɗo ƙasa tare, suna birgima a kan tsakuwa. Tau! Bindiga ta tashi. Kaliyan ya miƙe shi kaɗai, ya suri buhu, ya bi gada da gudu. Bai ko waiwayi sauran yaransa ba.

Ilango yana kwance, hannu a ciki, jini yana bin yatsunsa. Taku uku tsakaninsa da ubansa.

Ponnusami ya dubi ɗansa. Ya dubi ƙarfen da ke neman karya masa haƙarƙari. In ya saki, taragu huɗu za su gangara har ƙasan kwari.

"Ku kwance direba!" ya yi ihu. "Kai ango, gudu! Ku kwance shi!"

Angon ya ruga baya. Malar ta sauko, wuyanta ba komai, ta ɗauki jar tutar ta danne ramin harsashin da ita.

"Appa, ka zo," Ilango ya ce.

"Ina zuwa. Shege, buɗe idonka! Wa ya ce ka rufe? Shekara biyu ba waya, yau kuma za ka yi mini barci? Ilango! Magana nake maka!"

Haka ya yi ta zaginsa, hawaye na shiga masa baki. Ƙarfen ya yanka tafinsa. Minti shida kafin a tsinke igiyoyin, a ɗaure birkin baya. Sannan direba ya busa.

Da Ponnusami ya durƙusa a kansa, Ilango ya riga ya cika.

An kama yaran biyu a cikin gonar shayi. Kaliyan ya kai tsakiyar gada, ya ga 'yan sandan tashar sama sun tare ɗaya bakin, ya juya, ƙafarsa ta zurma tsakanin katako. Da karyayyar cinya aka ɗauko shi, zaren Malar a aljihunsa. Fasinja ɗari da arba'in, ko ɗaya bai ji ciwo ba. Yatsu biyu na hannun Ponnusami ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Sufeto Tangavel ya zo ya tsaya a kan gawar, ya sa bakin sandarsa ya ɗaga tutar da ta jiƙe da jini.

"Wannan ta ma'aikata ce. Ina ɓarawon nan ya samo ta? Akwai wanda ya san shi?"

Ponnusami ya fizge tutar daga kan sandar.

"Tawa ce," ya ce. "Shi ma nawa ne. Matsa daga kansa."