Rijiyar da Ake Yi wa Yanka

Ku matso kusa, ku rage murya.

Shekarar da Tanimu ya dawo gida daga Fatakwal, ya tarar gudawa ta kwantar da yaran gari, har da Lantana, 'yar ƙanwarsa. Manya suka ce mai rijiyar bayan gari ce ta yi fushi. Duk Juma'a sai a yanka mata baƙar akuya a bakin rijiyar, a bar jini da kayan ciki a wurin. Yara kuwa ba sauƙi.

Tanimu ya ce zai gwada ruwan. Yana da wasu 'yan siraran takardu, ana tsoma ɗaya a ruwa ta canza launi, a ɗauki hotonta, waya ta faɗi abin da ke ciki. Baffansa ya ce in ya je, babu hannunsa. Tanimu ya ce ya ji.

Rana tsaka ya tafi, lokacin da ba mai zuwa. Ko tsuntsu ba ya kuka. Ya zura guga. Yana jawowa, igiyar ta yi sanyi ƙalau.

Wata tsohuwa na zaune kan kututture. Ba ta da inuwa. A ƙasan zanenta, kofato ne.

"Ɗan nan, wa ya ba ka izini?"

Bakinta bai motsa ba. Daga cikin rijiya muryar ke fitowa.

"Iya, 'yarmu na kwance. Ko ke wace ce, sai na gwada."

Ya tsoma takarda, ta rine. Hannunsa na rawa, hoto ya ƙi fita. Sai ya ji yatsu masu sanyi sun riƙe masa wuyan hannu. Ya danna. Waya ta nuna ruwan ya gurɓata da ruɓaɓɓiyar ƙazanta.

Ya dube ta ido cikin ido, ya ce yankan da ake mata ne ke kashe musu yara, kuma daga yau an daina.

Muryar ta sake fitowa daga cikin rijiya.

"Ni na ce a yanka? Ni ma cikin warin nake kwana."

Ya ƙifta ido, babu kowa.

Juma'a na zuwa Tanimu ya tsaya a bakin rijiya, ya ce duk mai son yanka akuya sai ya fara da shi. Aka yi ta zaginsa. Bai gusa ba. Aka yashe rijiya, aka ɗaure bakinta da siminti. Lantana ta tashi.

Amma wuyan hannun nan nasa har yau sanyi yake, ko a tsakiyar bazara. Don haka kada in ji ɗayanku ya je ɗibar ruwa can shi kaɗai da rana tsaka. Ba kowa take riƙewa ta saki ba.