Ranar Da Na Mari Surukina

"Basiru! Ka sake ni, za ka kashe mu!"

Tas!

Hannuna ne ya sauka a kuncin Alhaji Basiru, mahaifin wanda aka sa mana ranar aure da shi. A tsakiyar tafki, kaina ko ɗankwali babu, matan gidansa na bakin ruwa suna kallo.

Ni Fanne, wadda ko muryarsa na ji a zaure sai na nemi wajen ɓuya.

Duk laifin Sharfaddeen ne, wanda zan aura ɗin, kuma na sha gaya masa. Shi ya kawo shawarar cewa bayan Babbar Salla gidansu su fita shan iska, akwai wani wajen shaƙatawa can gaba da Gadaka, ga tafki ga duwatsu, ana kafa tanti a kwana. Shi ya nace sai na je.

"Fannena, so nake Hajiya ta saba da ke. In ta zauna da ke wuni guda, wallahi sai ta so ki."

"In kuma ta ƙara ƙi na fa?"

"Haba sanyin idona! Wa zai gan ki ya ƙi ki?"

Da ma Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Su asalinsu Kanawa ne, fatauci ya kawo kakanninsu Potiskum, kuma so take ya auri Rahama, 'yar ƙanwarta. Ni kuwa 'yar Malam Kyari ce, manomi, rainon kakata a bakin rafin Gadaka. A can na koyi iyo tun kafin in iya ɗaura zani, abin da ban taɓa gaya wa kowa a unguwar Dogo Tebo ba, don kada a ce baƙauyiya.

Da hantsi muka isa a bas. Samari suka kafa tantin maza can, na mata nan, suka ɗan yi wanka a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, sannan suka ɗunguma hawan dutse. Ni kuwa na zama mutuniyar kirki ta ƙarshe. Ban ci abinci a gaban Hajiya ba, duk da cikina na ta ƙara. Ban ɗaga ido ba. Rahama na ta ɗaukar kanta hoto tana cewa, "Anti Fanne, ke ai nan gida kika zo, ko? Kin saba da daji."

Na yi murmushi na haɗiye.

Wajen la'asar na ɗebi kwanuka na tafi bakin ruwa. Samari ba su sauko ba tukuna. Alhaji ya fito daga tantinsa da buta, ya hau wani falalen dutse da ya shiga cikin tafkin, zai ɗebi ruwan alwala. Na ga gansakuka kore shar a gefen dutsen. Na san santsinta, na kuma san ƙasan wurin rami ne, don launin ruwan ya yi duhu.

Na buɗe baki zan ce, "Baba, a kula..."

Kunya ta riƙe mini harshe. Yaya zan ɗaga murya in yi wa suruki magana?

Ai kuwa sai ji na yi tsundum!

Mata suka sa salati. Hajiya ta ɗora hannu a ka tana kiran Sharfaddeen, wanda ke can ƙololuwar dutse ba ya ko jin ta. Babbar rigar Alhaji ta kumbura ta sha ruwa, tana jan sa ƙasa. Ban san lokacin da na tuɓe hijabi na yar ba.

Ina isa ya cafke wuyana da hannu biyu. Wanda ruwa ke ci ba ya gane kowa. Muka nutse tare, muka taso.

"Baba, sake ni!"

Bai ji ba.

"Alhaji! Don Allah!"

Ya ƙara shaƙe ni. Muka sake nutsewa, na ji ƙirjina zai fashe. Da muka taso sai na tuna abin da kakata ke cewa, in mutum ya riƙe ki a ruwa, ki firgita shi ko ku tafi tare. Shi ne na kira sunansa gatsal, na ɗauke shi da mari.

Ya saki.

Na zagaya bayansa na damƙi gemunsa, don shi hannuna ya samu, na ja shi har inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ya yi ta amayar da ruwa. Yana da rai, alhamdu lillahi.

Sai a lokacin na dubi kaina. Riga ta manne a jikina, kitsona a waje, samari na gangarowa da gudu. Na rarumi hijabina na shige tanti na dunƙule, na yi ta kuka. Babu wanda ya kwana a wurin. Aka kwashe tantuna, muka dawo Potiskum bas ɗin shiru kamar an yi rasuwa.

Kashegari ƙawata ta turo mini bidiyo.

Ashe Rahama na riƙe da wayarta. Ta yanke faɗuwarsa, ta yanke fito da shi, ta bar sunan da marin da jan gemu kawai. Kafin azahar ya zaga duk guruf ɗin matan Dogo Tebo. Har a keke, ina rufe da fuska, na ji wata na ce wa 'yar'uwarta, "Kin ga amaryar da ta mari uban miji? Tun ba ta shiga ba ke nan!"

Na sauka tun ban kai inda za ni ba.

Hajiya ta aiko a gaya wa Iyata cewa sun gode da ceto, Allah Ya saka, amma ba ta ga yadda yarinyar da ta kira maigidanta da sunan yanka za ta zauna a gidanta ba. Shi kuwa Alhaji ya daina fita. Shagonsa na kasuwa yaransa ke buɗewa, salla ma a gida yake yi. Bai ce uffan ba, kuma shirunsa ya fi maganar Hajiya yi mini ciwo.

Babana ya kira ni, ya kasa kallona, ni ma na kasa kallonsa.

"Abin da kika yi daidai ne, Fanne. Amma mutumin nan ba zai iya haɗa ido da ke ba har abada. Zan mayar musu da kayan sa rana, kada mu tilasta masa."

"To, Baba."

Da yamma Sharfaddeen ya zo. Ya rame, idonsa ja. Na tsaya a bayan ƙyauren zaure, ban yarda ya gan ni ba.

"Fannena, fito mana..."

"Ba zan iya ba."

"Kin ceci mahaifina! Me kika yi na kunya?"

"Yaya Sharfu, ka ga bidiyon?"

"Na gani, na kuma ci wa Rahama mutunci a gaban uwarta."

"To gaya mini. Kullum da safe zan je in durƙusa in ce masa ina kwana, da wane ido? Ya dube ni ya tuna? In dube shi in tuna? Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige!"

"To ni fa? Ni ki yi yaya da ni?"

Na cusa bakin hijabi a bakina don kada ya ji kukana. Ina son sa, son da ban san ina da shi ba sai da na ga zan rasa shi.

"Ka yi haƙuri. Ka auri Rahama, ita ba ta mari kowa ba."

"Allah Ya kiyaye!" Ya buga ƙyauren da tafin hannu. "Fanne, in ba ke ba, na haƙura da auren."

Ya daɗe a tsaye kafin na ji tashin mashin ɗinsa.

Ranar da Baba ya shirya mayar da kaya, an ɗaure goro da alawa a tsakar gida, sai muka ji sallama. Iya ta leƙa ta dawo da sauri.

"Fanne, Alhaji ne da kansa! Wai ke yake son gani."

"Iya, ki ce na mutu."

"Tashi, don gidanku!"

Na ja ƙafa har bakin zaure na durƙusa a bayan labule. Ta ƙasan labulen ina hango ƙafafunsa a kan tabarma, kusa da na Baba. Na gaishe shi da muryar da ni kaina ban ji ba.

Ya yi gyaran murya har sau nawa, ya kasa farawa. Ashe shi ma abin da ke cina ke cin sa.

"Malam Kyari, kunya ce ta zaunar da ni a ɗaki. Dattijo kamata, a ce yarinya ta jawo ni da gemu a gaban iyalina. Na kwanta ina jin kunyar mari, alhali ana can ana cin naman wadda ta fito da ni. Jiya na ji za ka mayar da kaya, sai na ji wata kunyar da ta fi ta farko."

Baba ya ce, "Haba Alhaji, ai babu komai..."

"Akwai komai. Ni na shaƙe ta. Da ta ji kunyata a cikin ruwan nan, da gawa biyu aka ɗauko." Ya gyara zama. "Na tara gidana na gaya musu haka, har Hajiya. Na sa Rahama ta tura bidiyon cikakke duk inda ta tura guntun."

Hawaye suka fara ɗiga a kan hannuna.

"Yarinya, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Na yi ta tunanin yadda za mu zauna gida ɗaya. A matsayin suruka dai ba zai yiwu ba, wannan kam ya lalace."

Na ce a raina shi ke nan.

"A duniya mace ɗaya ce ta taɓa kira na Basiru ta mare ni, mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta. Ita ta kawo ni duniya. Ke kuma Allah Ya sa kika dawo da ni cikinta. Saboda haka daga yau ba ni da suruka a wajenki. Uwata ce ke. Haka zan kira ki, haka kowa zai kira ki a gidana. Uwa kuwa ba ta jin kunyar ɗanta."

Na ji Baba na jan hanci. Iya a bayana ta toshe baki.

"Kuma tunda ke uwata ce, Sharfaddeen jikanki ne, jika kuwa ai mijin kaka ne tun fil azal. Ga shi can a mota yana ta zufa, ya ƙi ci ya ƙi sha. Ki taimaka ki karɓi mijinki, ya ishe mu."

Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kuka, har na shaƙe.

"Uwata, ban ji kin ce komai ba. Ɗa ya zo gaban uwarsa, haka zai tashi hannu banza?"

Iya ta zungure ni ta baya. Na share fuska, na ɗaga labulen kaɗan, karo na farko na dube shi. Idonsa cike da hawaye, ya miƙo tafukansa biyu kamar yaro.

Na ce, "Allah Ya yi maka albarka."

Ya shafa a fuskarsa.

"Amin, Uwata. Rabona da jin wannan tun ranar da na binne ta."